Makuba: Launin da Ya Riga Fenti Shiga Ɗakunanmu

Tarihi za mu taɓa a wannan karon, amma na cikin ɗaki: tarihin bango da daɓe, da wani launi guda da ya daɗe tare da mu har muka manta sunansa.

Duk mai shiga sababbin gidaje a Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura a 'yan shekarun nan ya ga wani yayi da ake yi. Bango guda na falo, galibi wanda aka kafe talabijin a jikinsa, sai a shafe shi da fenti ruwan ƙasa mai duhu, sauran bangwayen a bar su ruwan madara. Ƙofa, gado, kabet da labule su ma a nemo masu irin wannan launi. Masu fenti suna ce masa kalar kofi, wasu su ce kalar cakuleti. Mu ma marubuta mun bi sahu. In muka zo siffanta ɗakin amarya a labaranmu na Facebook da WhatsApp, sunan Turanci muke ɗaukowa ɗungurungum mu ajiye, kamar Bahaushe bai taɓa ganin wannan launi ba sai da bokitin fenti ya iso kasuwa. Alhali kuwa ya san shi, ya yi masa suna, kuma da hannunsa yake haɗa shi. Sunansa makuba.

Ƙasar da gidajenta

Kafin mu shiga ɗaki, bari mu tsaya a ƙofar gida mu dubi ƙasar. Masarautar Kazaure ta samo asali ne daga Ɗantunku, ɗaya daga cikin jagororin jihadi a arewacin Kano, wanda ya yi zamansa a Dambatta. Bayan Ibrahim Dabo ya hau gadon sarautar Kano a 1819 sai saɓani ya shiga tsakaninsu, aka yi ta gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya tabbatar wa Kazaure cin gashin kanta. Ɗansa Dambo, wanda ya gaje shi a 1824, shi ne ya zaunar da gadon sarauta a garin Kazaure, a tsakanin duwatsu. Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suna cikin wannan masarauta. Babura kuwa ƙasar Kano ce a da, a bakin iyakarta ta arewa, sai bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 ta koma ƙarƙashin masarautar Ringim.

Duk da wannan bambanci na sarauta, gini iri ɗaya ne. Mai hali ya gina soro da tubali da azara, ya yi zaure da shigifa. Talaka ya gina kago, ya ɗora masa jinka. Kayan aikin duk na kusa ne: jar ƙasa daga kududdufi, ciyawa ko harawa da ake cuɗa ta da ita, marmara daga tudu, azara daga giginya. Ba a sayo komai daga nesa. To amma ginin ƙasa yana da abokan gāba biyu, ruwan sama daga waje, da zaizaya da ƙura daga ciki. Bangon da aka bari haka nan, kana jingina da shi zai bar maka shaida a riga. Ƙasan ɗakin da ba a daɓe ba, kullum shara kullum rami, ga ƙuma ga gara. Neman maganin wannan ne ya kai kakanninmu gindin ɗorawa.

Itace ɗaya, launi biyu

Ɗorawa itaciya ce da manomi ba ya sarewa in yana sharar gona, domin babu abin yarwa a jikinta. Da bazara 'ya'yanta suke nuna, dogaye, a rataye tuli-tuli. In aka ɓare, garin da ke ciki mai zaƙi a sha shi ko a dama. Ƙwallon, wato kalwa, a dafa a yi daddawa. Ɓawon da ya rage, wanda baƙo zai ɗauka shara ne, shi ake tarawa a yi makuba.

Ku lura da wani abu a nan, 'yan uwa. Wannan itaciya guda ta ba harshenmu sunayen launi har biyu. Garinta ya ba mu ruwan ɗorawa, ɓawonta ya ba mu makuba. Haka Bahaushe yake raɗa wa launi suna, ya dubi abin da ke gabansa ya kira shi da shi: ruwan toka, ruwan goro, ruwan hanta, ruwan zuma, ruwan ganye. Ko da zamani ya zo bai daina ba, shi ya sa muke da ruwan hoda da ruwan omo. Turawan da suka yi nazarin tsirrai kuwa sunan mutum suka liƙa mata. A 1826 wani masani ɗan Sikotlan, Robert Brown, ya sa wa dangin wannan itaciya suna Parkia don tunawa da Mungo Park, matafiyin da ya rasu a Bussa a kan kogin Kwara. Su sun ga matafiyinsu a jikinta, mu mun ga miya da daɓe.

Yadda ake haɗa makuba ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. A tara ɓawon ya bushe, a daddaka shi, a zuba a babbar tukunya ko randa a jiƙa shi ya kwana biyu ko fiye, wasu kuma su tafasa don ya fi saurin fita. Ruwan zai rine ya koma ja mai duhu, da ɗan kauri da wani wari nasa na daban. Wannan ruwa shi ake yayyafa wa daɓe, shi ake kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, shi ake shafa wa bango da tsumma ko tsintsiya. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya tarar ana wannan aiki ya kuma rubuta shi, wato ke nan sana'ar ta riga zuwansa da nisa.

Me ya sa yake aiki? Ɓawon ɗorawa cike yake da wani sinadari mai bauri da ake kira tanin, irin wanda ke cikin bagaruwa da majema suke jima da ita. Jar ƙasarmu da marmara kuwa ƙarfe ne ya ba su jan da muke gani. Idan tanin ya haɗu da ƙarfe sai launi ya yi duhu, kuma ƙwayoyin ƙasar su kama juna, fuskar ta yi tauri ruwa ya riƙa zamewa a kanta. Dukawa sun san wannan sirri ta wata hanyar: kulokon da suke baƙanta fata da shi ruwan ƙarfe ne, yana taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ta koma baƙa. Turawa ma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna rubutu da tawadar da aka haɗa daga tanin da ƙarfe. Ashe tsohuwar da ke yayyafa makuba a ɗakin jikarta da magatakardan da ke rubutu a Ingila ilimi guda suke aiki da shi, ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba.

Daɓe: aikin mata

A al'adar gini ta Hausa, bango da rufi na maza ne, ƙasan ɗaki na mata ne. In an gama ginin ɗaki, musamman na amarya, sai a sa ranar daɓe a gayyato matan dangi da na unguwa. A share ƙasan a daidaita shi, a shimfiɗa tsakuwa ko marmara da aka tankaɗe, a yayyafa ruwa ya jiƙa. Sai mata su durƙusa a jere, kowace da madaɓinta, wani guntun itace mai faɗin ciki da mariƙi, su yi ta bugu suna ja da baya har su kai bakin ƙofa. Ba a gamawa a zama ɗaya. In ya sha iska ya fara tsagewa sai a sake yayyafa ruwan makuba a sake bugu, a rufe tsagar. Ana maimaitawa launin yana ƙara duhu, har daɓen ya yi sumul yana ɗaukar ido, in ka taka da tafin ƙafa ka ji sanyi.

Bugun madaɓi yana da kari, kuma duk inda kari ya samu a wurin mata waƙa ta samu. Daga nan waƙoƙin daɓe suka fito, waɗanda masana adabin baka suke lissafawa cikin waƙoƙin aiki na mata tare da na daka da na niƙa da na raino. Ɗaya ta bayar, saura su amsa, madaɓai suna riƙe da kiɗa. A ciki ake yabon amarya da danginta, a ciki ake yi wa ango tsiya, a ciki ake sakar wa kishiya ko uwar miji habaicin da ba za a iya faɗa a zaune ba. Ranar daɓe rana ce da mace take da bakin magana, kuma ba mai cewa ta yi rashin kunya, tunda waƙa ce.

Wannan ya kamata ya tsaya mana a rai. Daɓen siminti mutum biyu ne da cokalin gini, su gama su karɓi kuɗinsu su tafi. Ya fi sauri, ya fi ƙarko, ba mai musun haka. Amma ranar da siminti ya shiga ɗaki, gayyar ta watse, waƙar kuma ta rasa wurin zama. Waƙar aiki ba ta rayuwa in aikin ya mutu.

Bango, duhu da haske

A jikin bango, makuba ɗaya ce daga cikin dabarun magina. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina a ƙona shi, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Laso shi ne simintin Bahaushe, da shi ake shafe rufin soro da bakin indararo da cikin karofi, kuma ya fi makuba daɗewa. Makuba ita ce mai araha, wadda kowane gida zai iya haɗawa, sai dai a bangon waje tana son a sabunta ta bayan damina ɗaya ko biyu. Shi ya sa yaɓe yake cikin ayyukan kaka: an kawar da amfanin gona, sai a dubi abin da ruwa ya ci a gyara. Magabata suka ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma magini ya fi kowa sanin gaskiyar wannan magana.

A cikin ɗaki kuwa ba a shafe ko'ina da duhu. Daɓe da gindin bango, inda ƙafa da baya da hannun yaro suke taɓawa, nan ne wurin makuba, domin tana ɓoye dauɗa kuma ba ta bin tufa. Daga sama sai farar ƙasa. Dalilin a fili yake. Ɗakin da yana da kaurin bango, tagarsa 'yar ƙarama ce can sama, wani ma babu, hasken dare kuma fitilar aci-balbal ce, daga baya fitilar ƙwai. Ɗakin da ke da ƙarancin haske irin wannan in aka baƙanta shi duka ya zama kogo. Rufin ma da kansa yake yin duhu, domin hayaƙin wutar da ake hurawa da hunturu, da ta ƙarƙashin gadon ƙasa na mai jego, yana bin azara ya bar kunkunniya. Saboda haka farar ƙasa a tsakiya take riƙe da ɗan hasken da ya samu shiga.

Sai kuma jere. Kayan ɗakin amarya na farko ƙorai ne da akussa da tukwane da tasoshi. Da fatauci ya buɗe sai kwanuka masu fenti suka shigo daga Turai da Hongkong, daga baya aka kafa masana'antunsu a Legas da Kano, aka shiga zamanin fanteka da kwalla da samira. A ɗora wasu kan wasu har su kusa rufi, a liƙa wasu a bango. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan ɗaki ya san cewa ƙyallin kwano ba ya fita sosai sai a kan abu mai duhu. Makuba ita ce shimfiɗar da jere yake hawa ya yi kyau. Abin da masu adon gida na yau suke koyarwa, cewa a sa abu mai haske a gaban bango mai duhu, iyayenmu mata sun daɗe da yinsa ba tare da sun ba shi suna ba.

A gidajen sarauta da na attajirai abin ya wuce haka. Can ne ake ɗaurin guga da bakan gizo, a yi zane mai tudu a jikin bango, dagi da sauransu, tun ƙasar tana ɗanya. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846. Wanda yake son ganin irin wannan aiki da idonsa, Gidan Makama da Gidan Ɗanhausa suna nan a Kano, tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 ba daga Kazaure. A Jos ma akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya da Z. R. Dmochowski, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya assasa, inda aka kwaikwayi masallacin na Zariya da wani yanki na ganuwar Kano.

Ba mu kaɗai ba ne

Duk inda ɗorawa take tsirowa a Afirka ta Yamma an san amfanin ɓawonta. A Sirigu da ke arewacin Gana, da Tiebele da ke kudancin Burkina Faso, mata suna yi wa bangon gidajensu zane da ja da fari da baƙi, in sun gama sai su dafa ɓawon ɗorawa su shafe zanen da ruwansa don kada ruwan sama ya wanke. Makuba ce sak, suna ne kawai ya bambanta. A 2024 hukumar UNESCO ta sa fadar Tiebele cikin wuraren tarihi na duniya, kamar yadda ta sa tsohon garin Agadas a 2013. Can ƙasar Japan ma suna da wani ruwa mai tanin da suke tatsa daga ɗanyen 'ya'yan wata itaciya 'yar uwar kanya, suna shafa wa katako da takarda, launinsa ruwan ƙasa ne da ke ƙara duhu in ya daɗe, kuma har yau ana sayar da shi. Abin da wasu suka mayar abin alfahari har baƙi suna biyan kuɗin jirgi su je gani, mu a wurinmu ya zama alamar ƙauyanci.

Yadda fenti ya karɓe fili

Turawa sun ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, kuɗi suka fara shiga hannun manoma da 'yan kasuwa. Jirgin da ya tafi da gyaɗa shi ya dawo da kwanon rufi da siminti da gwangwanayen fenti. Da farko kayan gwamnati ne da na En'e: ofis, kotu, asibiti, makaranta. Daga baya masu hali suka fara yi wa fuskar gidan ƙasa filastar siminti, su yi zane a kai su shafa launuka.

A waɗannan gine-gine na hukuma ne wani salo ya zaunu, wanda duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya sani: rabin bango na ƙasa a shafa fentin mai, mai duhu, sau da yawa ruwan ƙasa, rabin sama a shafa fari ko ruwan madara. Dalilinsu shi ne dalilin kakanninmu, wato ƙasa ke ɗaukar dauɗa, sama ke riƙe haske. Shi ya sa salon bai zo wa mutanenmu a baƙo ba, nan da nan ya bazu zuwa shaguna da zaurukan gidaje.

Da aka fara yin kayan a cikin gida sai farashi ya sauko. Masana'antar siminti ta Nkalagu ta fara aiki a 1957, ta Sakkwato a 1967, ta Ashaka a 1979. Kamfanin da ake kira Berger Paints a yau ya kafu a Legas a 1959. Sai ga kuɗin man fetur, ga ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975. Malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma suka samu abin sayen bulo da kwano. Gidan siminti ya zama shaidar cewa mutum ya samu, gidan ƙasa ya zama abin da ake gudu. Dangin amarya suka fara tambaya ko ɗakin da siminti. Aka shimfiɗa leda a kan daɓe, bayanta kafet, bayansa tayil. Kabet ta kori jeren bango. Bayan 1991, da sababbin ma'aikatu da makarantu suka ƙaru a wannan yanki, ciki har da kwalejin kimiyya da fasaha ta Kazaure wadda ke ɗauke da sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu, sababbin unguwanni suka tashi waɗanda ba a taɓa buga madaɓi a cikinsu ba.

Ita ma ɗorawar ba ta tsira ba. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da na tsakiyar shekarun 1980 ya kashe itatuwa da yawa a arewa, masu itacen girki da masu gawayi suka bi ta kan saura. Ɗorawa kuwa takan kai shekaru kafin ta fara 'ya'ya sosai, wanda ya dasa ta sau da yawa 'ya'yansa yake dasa wa. In babu itaciyar babu ɓawo, in babu ɓawo babu makuba, kuma kalmar da ba a ganin abin da take nufi ba ta daɗewa a baki.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba muna cewa a fasa tayil a koma daɓe ba. Ginin ƙasa yana son gyara kowace shekara, kuma mun sha ganin yadda mamakon ruwan Agusta yake rusa shi a kan mutane. Wanda ya samu halin bulo ya yi, Allah ya sa albarka. Abin da muke cewa shi ne launin da muke biyan kuɗi mai yawa a shafa mana yau da sunan baƙo, ɗan gida ne ya je yawo ya dawo da sabuwar riga. Kuma ilimin da ya tafi da shi yana da amfani har gobe. Farin fenti yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, ruwan ƙasa mai duhu kuwa bai fi kashi 10 zuwa 15 ba. Wanda ya shafe bango huɗu da shi a ɗaki mai ƙaramar taga, a garin da wutar lantarki take zuwa ta tafi, zai kunna fitila da rana tsaka. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ta fi fitowa fili a kan fenti mai duhu mai ƙyalli. Tsohuwar ƙa'ida ba ta tashi ba: duhu a ƙasa ko a bango guda, haske a sama, abu mai ƙyalli a gaban mai duhu. Injiniyoyi a jami'o'in ƙasar nan, ciki har da ta fasaha da ke Minna, sun gwada ruwan ɓawon ɗorawa a tubalin jar ƙasa, suka ga yana ƙara masa ƙarfi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ina ruwan marubuci?

Ruwansa da yawa. Na farko, gaskiyar zamani. Wanda ya ɗauko labari ya ajiye shi a Kazaure ta zamanin Sarki Dambo, ko a wani ƙauyen Gwiwa na shekarun 1950, sannan ya ce an yi wa ɗakin amarya fenti, ya yi kuskuren da ya kai a ce jarumin ya ɗauko waya ya kira. Mai karatu da ya san abin zai ajiye littafin. Amma in marubuci ya sa mata sun taru da madaɓai, warin makuba ya cika tsakar gida, wata gwaggo ta saki habaici a waƙa, uwar ango ta ji ta yi kamar ba ta ji ba, to ya samu fage da rikici da zamani duk a shafi guda, bai ƙirƙiri komai daga iska ba.

Na biyu, kalmomi. Makuba, madaɓi, laso, katsi, dafara, kunkunniya, azara, indararo, zanko, shigifa, kago. Mu gwada kanmu, mu ga guda nawa za mu iya sa wa a jimla ba tare da mun tambaya ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikinsu, amma kalmar da ke kwance a ƙamus kaɗai kamar hatsi ne a rumbun da aka manta ƙofarsa. Labari da waƙa da wasan kwaikwayo su ne suke fito da ita ta shiga bakin yara. In muka rubuta cewa labulen ɗakin ruwan makuba ne, mai karatu ɗaya zai tambayi kakarsa, kakar kuma ta ba shi labarin da ba mu da shi.

Na uku, lokaci. Matan da suka yi daɓe da hannunsu, suka kuma haddace waƙoƙinsa, yawancinsu sun tsufa. Littattafan da aka yi a kan ginin Hausa, irin na J. C. Moughtin na 1985, sun fi karkata ga manyan birane da aikin magina maza, kuma da Turanci aka yi su. Abin da ke bakin tsofaffin Roni da Gwiwa da Babura yana nan yana jiran mai ɗauka, kuma ba mai zuwa daga wata ƙasa ya ɗaukar mana.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Kowannenmu ya nemi tsohuwa guda a danginsa ko unguwarsu, ya gaishe ta yadda ya kamata, ya nemi izininta kafin ya kunna na'urar ɗaukar murya. Ya tambaye ta yadda aka shirya ɗakinta na aure: wa ya yi daɓen, kwana nawa aka yi, da me aka shafe bango, me aka jera, me aka rera. Ya rubuta sunan garin da kimanin shekarar, domin abin da ake faɗa a Babura zai iya bambanta da na Roni. Kada ya gyara mata Hausa, yadda ta faɗa haka zai rubuta. In akwai tsohon magini a kusa, shi ma a je masa da goro. Wanda kuma yake da gona ko fili a bayan gida, damina mai zuwa ya sa kalwa biyu a ƙasa ya kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Abin da kuka samo ku kawo shi nan mu haɗa, mu ga kalma nawa za mu iya tsamowa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.